Kada ka sayar da kekenka, Malam, fara da neman takardar likita

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani magidanci mai sana'ar tuƙa keke napep a Unguwar Rogo, cikin garin Jos, wanda ya nemi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Ɗana na fari yana da shekara huɗu da 'yan watanni, amma har yau ba ya magana. Da farko ya fara cewa Baba da Mama, sai da ya kai wajen shekara ɗaya da rabi kalmomin suka ɗauke. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, ba ya wasa da yara, yana iya wuni yana juya murfin tukunya, kuma da an tayar da janareta sai ya toshe kunnuwa yana ihu. Hajiya mahaifiyata ta ce ciki ya sha, domin maiɗakina ta samu juna biyu kafin a yaye shi, wasu kuma sun ce iska ce. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an ba shi jiƙe-jiƙe. Wata makarantar kuɗi ta karɓe shi, bayan mako biyu ta dawo mana da shi. Yanzu an ba ni labarin wata cibiya a Abuja da aka ce tana warkar da irinsa cikin wata uku, har ina shirin sayar da kekena in kai shi. Wani fasinja kuma ya ce mini akwai dokar da ta ce gwamnati ta kula da irin waɗannan yara kyauta. Shin gaskiya ne? Maiɗakina kullum cikin kuka take."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya maka wannan yaro, ya yi masa albarka, ya kuma sanyaya zuciyar mahaifiyarsa. Zan fara da abin da ya fi gaggawa a wasiƙarka, wato maganar keke: kada ka sayar da shi. Fasinjan da ya ba ka labarin doka gaskiya ya faɗa maka, dokar tana nan, sai dai ba ta zuwa ta ƙwanƙwasa ƙofar kowa, kuma mabuɗinta takarda ce daga hannun likita wadda har yanzu ba ka mallaka ba.

Alamomin da ka zayyana, wato ɗaukewar kalmomi bayan yaro ya fara furta su, rashin amsa suna, ƙin shiga cikin yara, maimaita motsi ɗaya na tsawon lokaci da kuma jin zafin ƙara, sun yi kama ƙwarai da lalurar da ake kira galahanga, wato autism da Turanci. Na ce sun yi kama ne kawai, domin ba a yanke wa yaro hukunci daga wasiƙa, aikin likitan da ya gan shi ido da ido ne. Amma idan ta tabbata ita ce, ya kamata ka sani tun yanzu cewa galahanga yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu, kuma babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da ke kawar da ita. Abin da ke taimakon yaro shi ne horo na yau da gobe, a kan magana da mu'amala da kula da kai, wanda ake ɗaukar shekaru ana yi, kuma da yawan yara suna samun ci gaba mai faranta rai ta wannan hanya. Saboda haka duk wanda ya yanka maka wa'adin wata uku ya ce zai warke, wannan alkawarin kansa ya isa ya sa ka ja da baya. Ka lissafa kuɗin mota, da haya, da abinci a Abuja, sannan ka tambayi kanka da me za ka ci gaba da ɗawainiyar yaron a wata na huɗu, bayan kuɗin keken sun ƙare kuma babu keken. Tafiyar da ke gabanku doguwa ce, kuma wannan keken ne zai biya kuɗinta.

Sai maganar shan ciki, wadda nake roƙonka ka tsaya a kanta tsayin daka, domin ita ce ke cin maiɗakinka. Shayar da yaro da juna biyu ba ya haddasa galahanga. Abin da ke rikita mutane shi ne, a tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ne alamomin suka fi fitowa fili, kuma wannan ne daidai lokacin da ake yaye a gidajenmu, sai a ɗora wa yayen ko cikin laifi. Haka ma allurar rigakafi, wadda wasu ke zargin ita ke haddasa lalurar: rahoton da ya fara yaɗa wannan zargi a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagoranci rubuta shi, kuma binciken da aka yi a kan ɗimbin yara bayan nan bai gano wata alaƙa ba. Abin da masana suka tabbatar shi ne gado na da babban kaso a cikin lamarin, daga ɓangaren uba ko na uwa ko duka biyun, kuma lalurar ta fi yawa ga yara maza. Babu abin da maiɗakinka ta yi da ya jawo wannan. Ka faɗa mata haka da bakinka, ba sau ɗaya ba, domin daga gare ka take jiran ta ji. Ita kuwa Hajiya, son jikanta ne ya sa take neman dalili, kuma ba a gyara wa uwa magana da gardama. Ka roƙe ta ta raka ku asibiti, ta ji bayanin daga bakin likita, a kuma ba ta nata aikin a cikin horon yaron. Kaka da ta gamsu babbar garkuwa ce ga yaro a cikin dangi da unguwa.

Yanzu ga inda za ka fara. Kana zaune a garin da ke da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, a Lamingo, kuma asibitin gwamnatin tarayya ne mai sashen yara, da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, da na gashin ƙashi. Mutane daga jihohin maƙwabta suke tahowa neman abin da ke kusa da kai. Ka je asibitin unguwa inda aka yi wa yaron rigakafi ka nemi takardar turawa, ka ɗauki katin rigakafin da duk wata takarda ta awon ciki da haihuwa, kuma lallai ku je tare da mahaifiyarsa, domin ita za a yi wa mafi yawan tambayoyin: yadda naƙuda ta kasance, ko ya yi kuka da aka haife shi, ko idonsa ya yi ɗorawa a makon farko, ko ya taɓa yin zazzaɓi da jijjiga, yaushe ya zauna, yaushe ya yi tafiya. Kafin ranar, ku ɗauki gajerun bidiyo da waya, lokacin da ake kiran sunansa, lokacin da yake juya murfin, lokacin da yake cikin yara. Yaro yakan rikice a baƙon wuri, kuma mintunan da likita zai gan shi kaɗan ne, bidiyon zai nuna abin da ɗakin duba marasa lafiya ba zai nuna ba.

Mai yiwuwa abu na farko da za a nema shi ne gwajin ji, kuma kada ka ɗauke shi ɓata kuɗi don kawai yana jin janareta, domin yaro na iya jin babbar ƙara alhali sautin magana na kuɓuce masa. Tambayoyin haihuwar kuwa dalilinsu shi ne a bambance galahanga da sauran lalurorin da ke jinkirta girman yaro, irin wadda doguwar naƙuda ke haifarwa idan jariri ya rasa iska, ko ciwon shawara mai tsanani a makon haihuwa, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ita galahanga ba a ganinta a gwajin jini ko a hoton kai, da lura da ɗabi'ar yaro da sauraren tarihinsa ake gane ta, shi ya sa ba lallai a ba ka amsa a zuwan farko ba. Idan yana yin wani abu mai kama da suma ko ƙafewar ido, ka faɗa, domin farfaɗiya takan zo tare da wannan lalura, ita kuma tana da magani. Ka kuma ambaci ƙaramin da ke bi masa, a riƙa lura da girmansa, saboda ƙannen irin waɗannan yara sun fi sauran yara yiwuwar samunta, ko da yake mafi yawansu lafiya lau suke tashi.

Duk ranar da likita ya kai ga matsaya, ka roƙe shi ya ba ka rahoto a rubuce, mai ɗauke da sunan lalurar, da irin horon da yaron yake buƙata, da sa hannu da hatimin asibiti. Iyaye da yawa suna fitowa da bayanin baki kawai, sai su isa ofishin gwamnati a tambaye su shaida su rasa. Ka yi kwafi da yawa, ka adana na asalin.

Dokar da fasinjanka yake nufi ita ce Dokar Haramta Nuna Wariya ga Masu Naƙasa ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2019. Ta ce mai lalurar ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin samun kulawar lafiya kyauta a asibitocin gwamnati, ta ce mai naƙasa yana da haƙƙin karatu kyauta har zuwa sakandare, ta kuma wajabta wa makarantun gwamnati su karɓi irin waɗannan yara su tanadi ma'aikacin da aka horar domin su. Ta yi tanadin takardar shaidar naƙasa, ta wucin gadi wadda ba ta wuce kwana 180, da ta dindindin da ake bayarwa bisa shawarar likita. Wanda ya nuna wariya kuwa, idan mutum ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, idan kamfani ne ko cibiya naira miliyan ɗaya. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa a 2020, mai hedikwata a Abuja, kuma babban sakatarenta na farko, James Lalu, da wanda ya gaje shi a 2024, Ayuba Gufwan, duka 'yan Filato ne. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin jiharka ta riga tarayya: tun 2005 Filato ta yi tata dokar, kuma tana da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Naƙasa ta jiha a nan Jos. Can za ka fara kai rahoton likitan ka yi wa yaron rajista.

Amma ba zan bar ka ka tafi da zaton cewa da ka ambaci dokar a wurin biyan kuɗi za a ce ka wuce ba. A mafi yawan asibitocin gwamnati na ƙasar nan har yau ana biyan kuɗin kati da na gwaji da na magani, domin an rubuta haƙƙin ba a ware masa isasshen kuɗi ba, kuma ma'aikacin da ke bayan taga ba shi da ikon yafe maka. Wannan abin takaici ne, kuma a ganina abin kunya ne ga ƙasar da a babban birninta shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su riƙa ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya, amma kasafin tarayya bai taɓa kusantar wannan adadi ba. Abin da za ka yi shi ne ka nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya da ke cikin asibitin, wanda aikinsa ne duba halin masu ƙaramin ƙarfi da neman a rage musu ko a yafe, ka bayyana musu sana'arka da abin da kake samu ba tare da jin nauyi ba. Sannan ka je hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, ka tambayi rajistar masu rauni. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun da ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu naƙasa suna cikin waɗanda ake fifitawa. Ɗanka ya shiga ta ƙofa biyu ke nan a yanzu, saboda haka ka hanzarta kafin ya cika biyar. Gurbin ƙayyadadde ne, kuma abin da ya fi ɗauka shi ne cututtukan yau da kullum, amma kuɗin zazzaɓi da aka ɗauke maka kuɗin horo ne ya dawo aljihunka.

Horon kansa shi ne inda gwamnati ta fi gazawa, domin ƙwararrun koyar da magana da masu koyar da ayyukan kula da kai kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan, kuma yawancinsu suna manyan birane. Idan an haɗa ka da wani, a asibiti ko a waje, kana da haƙƙin tambayar lasisinsa, domin akwai hukumar tarayya da ke yi wa masu wannan aiki rajista. Kada mahaifiyarsa ta zauna a waje tana jira a fito da shi, ta shiga ta kalli abin da ake yi ta koya, domin sa'a ɗaya a mako ba ta kai abin da za a yi a tsakar gida kullum ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a kan wannan ta gina wani shiri na horar da iyayen yara masu shekara 2 zuwa 9, ta kuma sanya shi kyauta a intanet a 2022. Da Turanci yake, amma wani ɗalibi a cikin dangi zai iya zama da ku ya fassara. Jigonsa mai sauƙi ne: a durƙusa daidai fuskar yaro, a shiga wasan da yake so maimakon a ƙwace, a yi masa magana da gajerun kalmomi. Idan yana juya murfi, ta ɗauki nata murfin ta juya tare da shi, ta ce "juya", ta tsaya ta jira ya dube ta. Idan ya ja hannunta zuwa randa, ta ɗaga kofin ta ce "ruwa", ta ɗan dakata, kuma duk abin da ya yi, kallo ne ko nuni ko sauti, ta ba shi nan take ta yaba masa. A tsara masa lokacin ci da wanka da barci kada ya riƙa sauyawa, a kuma rage ba shi waya don ya yi shiru. Kai ma kana da rabonka, ko da rabin sa'a ne bayan ka ajiye keke da dare.

Addu'a kuwa ku ci gaba da yi, babu likitan kirki da zai hana ku. Abin da za a daina shi ne turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki, da ɗura masa jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, da duka ko ɗauri da sunan fitar da iska, domin yaron da ƙarar janareta ke gigitawa azaba yake sha a irin wannan hali. Akwai kuma wani haɗari da ya shafi garinmu musamman. Irin waɗannan yara sukan fice daga gida ba tare da sanin kowa ba, ruwa yana jan hankalin da yawansu, kuma ba za su amsa ba in ana kiransu. Jos cike take da kududdufan da haƙar kuza ta bari, ga rijiyoyi a cikin gidaje. Ka sa wa ƙofar gida sakata a sama inda hannunsa ba ya kaiwa, ka rufe rijiya da murfi mai kwaɗo, a ɗinka lambar wayarka a cikin rigunansa, ka kuma sanar da maƙwabta da masu shaguna halin da yake ciki.

Game da makarantar da ta dawo da shi, doka tana bayanka, amma ban ga amfanin ka tilasta shi cikin ajin da malamar ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Ka kai rahoton likitan ofishin ilimi na ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ka tambayi makarantar da ke da malamin ilimi na musamman, ka kuma leƙa Jami'ar Jos, wadda ke da sashen da ya daɗe yana horar da irin waɗannan malamai.

Wani dalilin da ya sa nake matsa maka a kan asibitin koyarwa ya wuce ɗanka shi kaɗai. Gwamnati ba ta ware kuɗi ga abin da ba ta ƙirga ba. A Amurka, hukumar daƙile cututtuka tana bibiyar yara 'yan shekara takwas a kai a kai, ta samu ɗaya cikin 150 a shekarar 2000, ta samu ɗaya cikin 36 a 2020, kuma babban dalilin ƙarin shi ne an faɗaɗa ma'auni an kuma ƙware wajen ganowa. Da irin waɗannan alƙaluma iyayen can suke zuwa majalisa su nemi kasafi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2023 ya ƙiyasta yara da matasa miliyan 317 a duniya masu lalurorin da ke shafar girma. Mu kuwa rabonmu da ƙidayar jama'a tun 2006, kuma ɗan abin da masananmu ke rubutawa mafi yawansa daga fayilolin asibitocin koyarwa yake fitowa. Yaron da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki ba ya cikin lissafin kowa. Idan wata rana likitoci ko malaman jami'a suka gayyace ku shiga wani bincike, ka saurare su da kyau: wajibi ne su yi maka bayani da Hausa, su ɓoye sunan yaron, kuma ƙin amincewarka ba zai rage masa kulawa ba. In ka gamsu, shawarata ka amince.

A layin ganin likita za ka haɗu da wasu iyaye masu irin damuwarka, daga Bukuru da Rikkos da Tudun Wada, Musulmi da Kirista. Ka karɓi lambobinsu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ofishin da zai sallami uba ɗaya da "ka dawo gobe" ba zai iya yi wa iyaye ashirin haka ba. Ku rubuta takarda ɗaya zuwa hukumar jiha, da kwafi ga ta tarayya da ɗan majalisarku na jiha, ku nemi abubuwa ƙayyadaddu: a ɗauki mai koyar da magana a asibitin gwamnati, a buɗe aji na musamman a makarantar firamare ta unguwa, a sanya yaranku a rajistar inshora. Ku haɗa da rahoton likita na kowane yaro, kuma duk ofishin da kuka miƙa wa, ku tabbata an buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinku kafin ku fito.